Guɗar Inna a Filin Ƙwallon Kwando

Daga Allah muke, kuma gare Shi Innarmu ta riga mu komawa. Uwar babanmu ce, amma duk unguwarmu a Roni ba a kiranta da komai sai Inna. A kafaɗata ta cika, ni kuwa kafin ranar ban taɓa ganin mutuwa ido da ido ba. Har yau in na zauna shiru sai in ji nauyin kanta a gefen wuyana, in zabura. Amma na saurari abin da ake faɗa a zaman makoki, wani gaskiya, wani an zuba masa gishiri har ya yi yawa, na ce in ban rubuta yadda aka yi ba, kafin baɗi an mai da Inna tatsuniya.

Mata za su shigo, a gaisa, a yi "ya haƙuri", a shafa addu'a. Can sai wata ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Ke 'yar nan, wai da gaske ne a filin ƙwallo ta cika?"

Kafin in buɗe baki wata ta amsa mata: "An ce guɗa ta yi ta yi har numfashin ya ɗauke."

Wata tsohuwa da ta zo daga Gwiwa, ƙawarta tun suna 'yan mata suna tallar nono, ta share hawaye da bakin zane ta ce, "Ni ban yi mamaki ba. Wannan matar ko faɗan zakaru ta tarar, sai ta tsaya ta zaɓi nata. Kuma kullum mai tsigaggen wuyan take zaɓa."

A ƙofar gida ma haka. Ina kai wa maza ruwa zaure na hango Baffa, ƙanen babanmu, yana ba wasu baƙi labarin wasan a hankali kamar mai raɗa. Da labari ya yi daɗi ya manta inda yake, ya miƙe tsaye a kan tabarma ya ɗaga hannu biyu sama yana nuna yadda aka yi jifan ƙarshe. Sai da liman ya yi gyaran murya sannan ya zauna da sauri yana "Allah ya jiƙanta, Allah ya jiƙanta."

Ranar addu'ar uku kuwa wata farar bas ta tsaya a bakin layinmu, wasu samari suka fito, dogaye kamar an jera giginyu. Yaran unguwa suka bi su a baya baki buɗe. 'Yan wasan ƙwallon kwando ne na wata babbar jami'a a birni, waɗanda kwalejin su Yayana ta doke a wasan ƙarshe ranar da Inna ta rasu. Wanda ya fi su tsawo sai da ya naɗe kamar tabarma kafin ya wuce ƙofar zaure. Daga jin Hausarsa ɗan wajen Filato ne. Ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Baba, sannu da haƙuri. Mama ta ba ni fura da hannunta. Cikinmu ni kaɗai na sha. Allah ya sani, ban taɓa shan irinta ba."

Baba ya ce, "Mun gode," ya kau da kai.

Tun ranar rasuwar Baba bai ƙara duban fuskar Yaya ba. A ransa ƙwallo ce ta kashe masa uwa. Ga shi akwai alkawari tsakaninsu: in su Yaya suka ci 'yan birni, Baba zai bar shi ya ci gaba da wasa har inda Allah ya kai shi. An ci ɗin. Sai dai wadda ta tsaya a kan alkawarin tana ƙarƙashin ƙasa. Bari dai in faro daga kanta.

Inna 'yar guntuwa ce, siririya, in tana tafiya kamar ana kora ta. A ruga aka haife ta can wajen Gwiwa, aure ya kawo ta Roni. Hausa take yi da mu, amma in ranta ya ɓaci sai Fulatanci ya ƙwace mata, mu yi ta dariya ba mu san zagin da muke sha ba. Baba shi ne ɗanta na fari, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ba na jin akwai sauran mai riƙe ta a zamanin nan. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Mai babur" take ce masa. Tun da na gama sakandare nake zaune a gida, sai na zama bakinta. Yana tsaye a ƙofar ɗakinta, yana jinta sarai, za ta ce, "Ke, gaya wa mai babur rufin ɗakina na yoyo." In juya in ce, "Baba, Inna ta ce rufin ɗakinta na yoyo." Shi kuma ya ce, "Ce mata na ji." In sake juyawa. Wata rana wuyana har ciwo yake.

Yaya kuwa sunan marigayi kakanmu ya ci, don haka Maigida take kiransa, kuma ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Maigida, ina cefanen yau?"

"Tsohuwar nan na gaji da ke. 'Yar jami'a zan samo."

"Wace marar rabon ce za ta aure ka da wannan ƙafa kamar ta zalɓe?"

Abin da ya fitar da sunanta a gari guɗa ce. In ta kama hancinta da yatsu biyu ta sake ta, mai tsire a bakin kasuwa ya san an yi abin arziki a wani gida. Ba sai biki ko suna ba. Akuya ta haifi biyu, guɗa. Ruwan farko ya sauka, guɗa. Maƙwabciyarmu 'yar kudu, matar wani ma'aikacin sakatariya, muna ce mata Maman Tagwaye, da aka ɗaura wa 'yarta aure a coci aka dawo gida, ba wanda ya gayyaci Inna don ana jin nauyinta. Sai ganinta aka yi ta shigo da mayafinta ta tsaya a kan amarya ta rangaɗa har sau nawa. Ta ce, "Amarya ba guɗa ai kamar miya ba gishiri ce." Tun ranar Maman Tagwaye ba ta dafa abu ta ci ba ta aiko wa Inna ba.

Ranar da ta fara ganin ƙwallon kwando ba zan manta ba. Yaya ya samo tsohon bokiti ya cire gindin, ya kafe shi a jikin darbejiyar tsakar gidanmu. Inna tana ɓarar gyaɗa tana kallo. Ya jefa, ta faɗo ta ƙasa. Ya sake jefawa, ta sake faɗowa. Ta ce, "Ni jikar mutum huɗu! Wane irin wawa ne ke zuba kaya a mazubin da ba shi da gindi?" Amma ba ta tashi ba. Kafin a yi nisa ta zama mai kula da shi: duk jifan da ya kuskure sai ta wurge shi da ɓawon gyaɗa. Har ya shiga kwaleji a Kazaure aka sa shi cikin 'yan wasan makaranta, in ya zo hutu sai ta ce, "Fito mu ga ko hannun ya miƙe."

Rigimar ta taso ne bana lokacin cirar gyaɗa. Gasar manyan makarantu ta faɗo daidai lokacin, a Kazaure za a yi, Yaya yana can yana atisaye, Baba yana gona shi da Baffa suna fargabar kada ruwan ƙarshe ya sa gyaɗa ta tsiro a ƙasa. Wata la'asar Yaya ya zo da murna ya ce sun kai wasan ƙarshe, kuma masu zaɓar 'yan wasan jiha za su zo kallo, kocinsu ya ce in aka yi abin kirki har da shi za a ɗauka.

Baba yana wanke ƙafa ya ce, "Da wa za ku kara?"

"Da 'yan jami'ar birni."

Baffa ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Shi ne masanin wasanni a gidanmu, ba ya rasa gidan kallo. Ya ce, "Waɗannan? Tun kafin ka tsiro gemu kofin yake hannunsu! Motarsu da na'urar sanyi. Likitansu daban, mai dafa musu abinci daban. Gajeren cikinsu in ya tsaya kusa da kai sai ya leƙa tsakiyar kanka. Ku fa? 'Yan canjinku nawa? Wancan ɗan ƙaramin naku ba acaɓa yake yi in an tashi daga aji ba? Na ji har takalmi aro kuke wa juna. Yaro, in suka bar ku kuka taɓa ƙwallon ma, ku bi su da godiya."

Baba ya ce, "To ga magana, kowa ya ji. In kun ci su, ka buga ƙwallo har gemunka ya yi fari, ba zan ƙara cewa uffan ba. In sun ci ku, ka kawo min ƙwallon da takalman. Daga aji sai gona."

Ya faɗa ne don ya san abin ba mai yiwuwa ba ne. Sai muka ji muryar Inna daga ɗaki.

"Ke! Gaya wa mai babur na ji, kuma kunnena bai tsufa ba. Ki ce masa raƙumi dogo ne, amma yaro ke jan akalarsa."

Na faɗa. Baba ya ce, "Ce mata waɗannan ba raƙuma ba ne, 'yan ƙwallo ne."

"Ce masa shi ma ranar da ya zo duniya kamar ɗan ɓera yake, ungozoma ta ce ba zai kwana ba. Ga shi nan yana cika min gida da hayaƙi."

Wannan kam ban iya maimaitawa ba. Baba ma bai jira ba, ya ɗauki butarsa ya fice, Umma tana madafa tana danne dariya da tsumma.

Ni a raina na san Baffa ya fi gaskiya. Na ɗan taɓa wasan a sakandare, na san abin da tsawo yake yi a ƙarƙashin kwando. Na tambayi Yaya a ɓoye ko suna da wata dabara. Ya ce, "Koci ya ce mu gudu da su. Dogaye ne amma nauyi gare su. In muka bari suka tsaya, mun mutu. In muka sa su haki, ƙila." Ƙila ɗin nan ita kaɗai muka mallaka.

Ranar wasa Baba ya fita kasuwa da sassafe. Yana fita Inna ta fito da ƙwaryar fura da ta kirɓa tun jiya, da jarkar nono, da ludayi, ta yafa mayafin unguwa. Na tuna mata abin da aka ce a asibiti watannin baya, cewa zuciyarta ta gaji, ta daina wahalar da kanta. Umma ta roƙe ta har da durƙuso. Inna ta ce, "Mijina zai yi kokawa da samudawa ina ɗaki ina gadin gado? Ɗauko ƙwaryar nan." Maman Tagwaye ta ga ba za ta hanu ba, ta ce to ita ma za ta bi mu, ta kira wani mai adaidaita sahu da ta sani.

Kazaure ranar ta cika. Filin siminti ne a gindin duwatsu, ɗalibai sun kewaye shi, wasu a kan bishiya, wasu a kan katanga, ga masu ganga, ga masu busa ƙaho na roba. Inna ta samu inuwa ta zauna ta dama furarta a nitse. Ni duk zatona ta su Yaya ce. Tana gamawa ta ce, "Ɗauki, mu je wajen baƙi."

"Inna! Waɗancan fa su ne abokan gaba!"

"Gabar me? Sun kashe wani? Yaran mutane sun baro garinsu sun zo namu, a bar su da ƙishi? Na gida ya sha daga baya."

Haka muka ratsa fili, ni da ƙwarya, ita a gaba, idon duniya a kanmu. 'Yan birni suna miƙe jijiyoyi cikin riguna iri ɗaya masu ƙyalli. Inna ta karɓi ƙwaryar ta miƙa musu ta ce, "Sannunku da zuwa, samari. Ku jiƙa maƙoshi."

Kocinsu ya daka tsawa: "Kada wanda ya taɓa!"

Na ji ɗaya yana raɗa wa na kusa da shi, "Kakar ɗaya daga cikinsu ce fa. Tsohuwa da ƙwarya ranar wasan ƙarshe? Wallahi an yi aiki a ciki."

Inna ba ta ji ba, ko ta ji ta ƙi ji. Tana nan tsaye da ƙwarya a miƙe, ni kuma ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Sai dogon nan ya ture 'yan uwansa ya fito, ya durƙusa, a durƙushen ma ya kusa kai tsawonta, ya karɓa da hannu biyu ya kafa kai ya sha sosai. Ya goge baki ya ce, "Na gode, Mama." Inna ta shafa kansa ta ce, "Allah ya ba mai rabo sa'a." Shafa kan nan ya ƙara tsorata sauran, na ga wani ya ja da baya yana tofa addu'a a ƙirjinsa.

Aka busa usur. Wayyo! Farkon wasan yadda Baffa ya faɗa haka aka yi. Su Yaya kamar 'yan tsaki a tsakanin jiminai. Dogon nan ba jifa yake ba, ajiye ƙwallon yake a kwando kamar mai ɗora kwano a kan kanta. Yana saka ta farko, sai ji muka yi, ayyururui! Inna ta kama hanci ta sake ta. Filin ya yi tsit, kowa ya juyo. Wani ɗalibi ya ce, "Haba Inna! Nasu ne fa!"

Ta ce, "Ba ɗan mutum ba ne? Uwarsa tana nan? To wa zai yi masa?"

Daga nan duk wanda ya saka, namu ko nasu, sai ya sha guɗa. Namu suna jin ta suna ƙara wuta, nasu suna jin ta suna waige-waige.

Can dogon ya zame a kan gumi ya kuskure wata mai sauƙi. Ya sake samun wata, ta bugi ƙarfen kwandon ta dawo. Abin da ke faruwa da kowane ɗan wasa ne. Amma wani shaƙiyyi a kan bishiya ya ƙwala ihu, "Fura ta fara aiki!" Shi ke nan, fili ya ɗauka, masu ganga suka sa mata kiɗa: "Fu-ra! Fu-ra! Fu-ra!"

Abin da na gani da idona ke nan: 'yan birni suka daina ba dogonsu ƙwallo. Yana tsaye a ƙarƙashin kwando, ba kowa a kansa, hannuwa a sama, yana "Ba ni! Ba ni mana!" su kuwa sai su dube shi su yi jifa daga nesa, ta baude. Har kocinsu ya fitar da shi ya zaunar a benci. Namu kuwa suka kama gudu. Ɗan acaɓan nan, tubarkalla, yadda yake kurɗawa tsakanin motoci haka yake kurɗawa tsakanin ƙafafunsu, ya sace ƙwallo ya miƙa wa Yaya, Yaya ya saka. Ya sake sacewa, aka sake sakawa. Samudawa suka fara haki, suna dafa gwiwa, suna yi wa juna faɗa. Maman Tagwaye ta ɗaure ɗankwalinta a ƙugu tana tsalle. Ni muryata ta dushe ban san lokacin ba.

Inna ta ja hannuna. "Me suke cewa ne haka?"

Na gaya mata. Ta zaro ido. "Furata? A'uzu billahi! Gero ne da nono da citta da kanumfari! Ina alƙalin yake, in je in gaya masa?" Da ƙyar na riƙe ta da bakin zane.

Dab da tashi kocinsu ya ga ruwa ya kusa cinye su, ya mai da dogon. Yaron nan ya shigo da fushi, ya saka, ya sake sakawa, suka kamo mu, suka wuce da maki ɗaya tak. Na rufe ido na buɗe. Mai riƙe da agogo ya riga ya miƙe tsaye. Ƙwallo tana hannun Yaya, dogon ya tare gabansa kamar bango. Yaya ya yi kamar zai tashi sama, dogon ya tashi, Yaya ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa ya lallaɓa ta jikin allon kwando. Ta hau bakin ƙarfen. Ta zagaya. Ta tsaya kamar mai shawara. Ta faɗa ciki.

Usur ɗin ma ban ji shi ba. Guɗar Inna na ji, doguwa, wadda ban taɓa jin ta yi irinta ba, ta bi ta kan ganguna ta bugi duwatsu ta dawo. Aka ɗaga su Yaya sama. Da ya samu ya kuɓuce ya zo ya zube a gabanta yana kuka yana dariya. Ta dafa kansa ta ce, "Matsa can, Maigida, warin bunsuru kake." Sannan ta hango dogon zaune shi kaɗai da tawul a ka, ta je da kanta ta tsaya a kansa. Ban ji abin da ta ce masa ba, na dai ga ya ɗago ya yi murmushi.

A hanyar komawa rana ta yi ja. Inna tana tsakiyarmu, sai surutu take tana dariya, tana kwaikwayon yadda kocin birni ya daka tsawa. Mun bar duwatsu a baya kaɗan ta ce ta gaji, ta ɗora kai a kafaɗata ta riƙe wuyan hannuna. Na ɗauka barci ne. Sai na ji numfashinta ya sauya, yana fita da wani sauti. Maman Tagwaye ta leƙa fuskarta, ta buga wa direba baya ta ce ya tsaya. Ni na daskare, ko yatsa na kasa motsawa. Matar nan ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Dube ni. Kada ki yi ihu. Karanta mata abin da kuke karantawa. Yanzu!"

Na sa bakina a kunnen Inna na yi kalmar shahada. Na sake yi. Leɓɓanta suka bi ni har ƙarshe. Sannan hannun da ke riƙe da ni ya saki.

To ga amsar masu tambaya. Ba a filin ƙwallo ta cika ba. A hanyar gida ta cika, cikin farin ciki, da sunan Allah a bakinta.

Washegari da safe aka kai ta. Ana dawowa daga maƙabarta Baba ya shiga ɗakin Yaya ya ɗauko ƙwallon da takalman, ya kafa tsani a jikin rumbu ya jefa su ciki ya rufe. Ana cikin zaman makoki koci ya bugo waya: an zaɓi Yaya, sansanin horo zai buɗe mako mai zuwa, amma sai da yardar uba. Yaya ya ce da ni, "Na haƙura. Da wane ido zan tambaye shi?" Na je wajen Baffa, tunda a gabansa aka yi alkawari. Ya sosa ƙeya ya ce, "Yayana ne fa. Bari ƙura ta lafa." Umma ta ce ita ba ta shiga tsakanin ɗa da mutuwar uwarsa. Sai ni na rage, ni da ko inuwata tsoro take ba ni a kwanakin nan.

Kashegarin addu'ar bakwai baƙi sun watse, Baba yana tsakar gida da hantsi yana duba babur. Na durƙusa a gefensa.

"Baba, ba aiko ni aka yi ba. Wannan maganata ce."

Bai ɗago ba. "Ina ji."

"Ka ce in sun ci, ba za ka ƙara cewa uffan ba. Na ji da kunnena. Sun ci, Baba."

Ya ajiye sifana. "Ke kika kai ta."

"Ita ta kai ni. Wallahi da na ƙi, da ƙafa za ta tafi."

Ya sake ɗaukar sifanar ya koma kan babur har na ɗauka ya gama da ni. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ta sha wahala?"

"A'a. Dariya take har ta ce ta gaji."

"Ta ambace ni?"

"Ta ce, 'Yau mai babur zai haɗiye maganarsa, a zuba masa man shanu don ta wuce da sauƙi.'"

Baba ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya ɗauki tsani ya nufi rumbu. Umma ta leƙo daga madafa, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta fito da tsintsiya a hannu, Yaya ya tsaya a ƙofar ɗakinsa kamar an dasa shi. Takalmi ɗaya ya faɗo tim, duk ƙaiƙayi. Ɗayan ya biyo. Sai Baba ya ɗago da ƙwallon, ya dubi Yaya, karon farko tun rasuwar, ya ce, "Kai! Karɓi tsiyarka."

Ya wurgo ta da hannu ɗaya irin na wanda bai taɓa riƙe ƙwallo ba. Ko kusa da Yaya ba ta je ba. Ta wuce ta kan igiyar shanya, ta bugi ƙasa sau ɗaya, ta tashi, ta faɗa cikin babban turmin da aka daka gumbar sadaka jiya, ta zauna daram.

Yaya ya dubi turmi, ya dubi rumbu, ya ce, "Baba, a ƙa'ida jifa daga nesa haka maki uku ne."

Gwaggo ce ta fara fashewa, tsintsiya ta faɗi. Umma ta bi ta, ni ma, muka yi ta dariya har ta juye mana kuka. Baba yana can saman tsani ya ba mu baya ya ƙi saukowa, kafaɗunsa suna girgiza, ba mu san wanne yake yi a ciki ba.

Yau da safe Baba da kansa ya goya Yaya a babur zuwa tasha.

Ya Allah, ga tsohuwarmu nan ta zo gare Ka. Ka yafe mata, Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya zuciyar ɗanta. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya ce amin.